Bindigar Baba a Kan Dandamali

Pittsburgh,
farkon Satumba.

Zuwa ga Yayata Lorna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Russell da sauran mutanen Elkford. Na koma ga biro da takarda ne saboda kin daina ɗaukar wayata tun Kirsimetin da muka yi cacar baki a kan teburin cin abinci. Na dai san ba kya yar da wasiƙa ba ki karanta ba, halin Mama kika ɗauko.

Yaya, na kammala wasan kwaikwayon da na daɗe ina dakonsa a zuciya, kuma za mu fara nuna shi a ɗan gidan wasanmu cikin Nuwamba. A kan Caleb ne. Don Allah kada ki ninke takardar tukuna. Shekara tara ke nan da muka binne ɗanki, yaron da na sha ɗorawa a kafaɗa, amma har gobe yara a ƙasar nan suna mutuwa irin mutuwarsa: bindiga a rataye bayan ƙofa, manya sun fita, yara biyu a gida. Muna cikin masu neman a kafa dokar da za ta tilasta wa iyaye kulle bindiga. Jawabi ya gaza, alƙaluma sun gaza. Ni na yi imani cewa abin da mutum ya gani da idonsa a kan dandamali shi ne yake binsa har gida.

Alfarma ɗaya nake nema. Ki ara mini bindigar Baba. Mun gwada ta roba a wurin gwaji, abin kamar wasan yara, ko mai kujerar baya zai gane ƙarya ce. Ƙarfen gaske yana da nauyi, yana sauya yadda mutum yake tsayuwa da yadda yake numfashi. Zan kai ta wurin maƙerin bindiga ya cire allurar da ke dukan harsashi, ya toshe bakin, ta zama ba ta iya kashe ko ƙuda. Ba na son tada zancen gado, amma ni ma ɗan Baba ne, ina da rabo a cikinta.

Ki gaishe mini da Russell. Ubangiji ya bar mu tare.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Vernon

*

Elkford,
tsakiyar Satumba.

Vernon,

Na amsa gaisuwarka. Muna nan lafiya, Russell yana ta jigilar katako, ni kuma ina shagon nama muna wasa wuƙaƙe kafin a buɗe farautar barewa.

A tsaye na karanta wasiƙarka, kuma ban kai ƙarshenta ba sai da na nemi wurin tofar da yawu. Wato ƙarfen gaske yana da nauyi. Sannu da ganowa, malamin wasa. Ni na san nauyinsa, domin ni na ɗauke shi daga kan dandaryar kicin ɗina ranar da kai kana can kana koya wa mutane yadda ake kukan ƙarya.

Ka rubuta "yara biyu a gida" kamar 'ya'yan maƙwabta. Faɗi sunansu mana. Caleb yana sha huɗu, Tessa tana goma. Shi ya sauko da bindigar don ya burge ƙanwarsa, shi ya miƙa mata, yatsanta ne ya ja kunamar. Duk Elkford an sani, kuma duk Elkford an yi mata karar rufe baki shekara tara. Mutanen da kake kira 'yan ƙauye ke nan.

Kuma kada ka zo mini da wa'azin kulle bindiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tana cikin akwatin ƙarfe tun makon da muka dawo daga maƙabarta, ba mu jira wata majalisa ta ce mana ba. Ban tsani bindigar nan ba, ko da hakan zai ba abokanka na birni haushi. Ita ta ciyar da mu shekarar da aka rufe ma'aikatar Baba. Naman barewar da ta kawo ka ci har ka yi kumatu, ka samu ƙarfin zuwa jami'a ka dawo kana toshe hanci in ana feɗe dabba. Duk shekara nakan fito da ita in goge ta in mayar, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Abin da ke tsakanina da ita ba na 'yan kallo ba ne.

Ka manta dokar gidanmu ne? Baba bai taɓa miƙa wa mutum bindiga ba sai ya ce, "A cike take," mai karɓa kuma ya ce, "Na sani." Ko da yanzu aka zazzage ta a gaban idonka. Kai ka sha dundu a kan wannan, domin kullum sai ka tsaya gardama cewa ai ka ga an cire harsashin. Yanzu kana so a ɗauki wannan bindigar a riƙa nuna ta ga ɗan mutane kullum yamma, ana sayar da tikiti. Tir.

Amsata a'a ce. Abu na biyu kuma, Tessa tana garinku tana karatun jinya, na yarda tana zuwa gidanka cin abincin Lahadi don kai kawunta ne. Da ƙyar yarinyar nan ta koyi barci ba fitila a kunne. Ko sunan wasan nan kada ka ambata a gabanta. Hawainiyarka ta kiyayi ramata.

Ka gaida matarka.

Yayarka,
Lorna

*

Pittsburgh,
farkon Oktoba.

Yaya Lorna,

Gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta iso, kuma na karɓi zagin, domin wani ɓangarensa na cancanta. Sai dai akwai abin da ya wajaba ki ji daga bakina kafin ki ji a wani wuri.

Tessa ta riga ta karanta wasan tun cikin bazara. Ba ni na ba ta ba, a kan teburina ta gan shi. Ta zauna ta karance shi tas, sannan ta ce mini na yi kuskure a wurare da dama, ta gyara mini. Daga baya ta ce ba ta yarda wata baƙuwa ta fito a matsayinta ba. Yaya, ita za ta fito a matsayin kanta. Na yi ta ja da baya, ta nace. Shekararta goma sha tara, doka ta ba ta ikon kanta, kuma in kin ga yadda take a wurin gwaji, za ki san yarinyar nan ta daɗe tana neman inda za ta ajiye kayan da take ɗauke da shi.

Bindigar kuma tana wurinmu. Tessa ta je Elkford ranar Asabar kina shago, ta roƙi mahaifinta, ya buɗe akwatin ya ba ta. Maƙeri ya gama aikinsa.

Don hankalinki ya kwanta, bari in bayyana miki yadda muke aiki, domin mu masu wasa ba ma sakaci da makami. Kafin kowane gwaji da kowane wasa, Madam Okafor, mai kula da dandamalinmu, tana tara 'yan wasa su yi da'ira. Ta buɗe bindigar, ta haska cikinta da tocila, sannan ta zagaya da ita hannu zuwa hannu. Kowa sai ya leƙa da idonsa ya faɗa da ƙarfi, "Na duba, ba komai a ciki." Wanda bai faɗa ba, ba a ɗaga labule. Haka muke yi ko da bindigar katako ce. Kin ga ashe mu ma muna da irin dokar Baba.

Yaron da zai fito a matsayin Caleb sunansa Milo, yaro mai ladabi, har ɗan kama suke yi ta wajen goshi. Na ajiye muku kujeru biyu a layin gaba ranar Lahadin buɗewa, wasan rana ne. Bayan wasa za a yi zaman tattaunawa da 'yan kallo, Tessa za ta amsa tambayoyi.

Ubangiji ya sanyaya zuciyarki.

Ƙanenki,
Vernon

*

Elkford,
Oktoba.

Vernon,

Gaisuwa, tunda Mama ta koya mana ba a fara wasiƙa da zagi.

Na buɗe akwatin na tarar da tsumman goge bindiga kawai. Na tsare Russell a gareji. Mutumin da in ya yi magana goma a wuni an yi hira, ya tsaya yana murza hula, ya ce tun ranar da abin ya faru yarinyar ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ko kuɗin alawa, sai ranar nan. Ya ce da ta ce ya ba ta hannunsa na dama ma da ya yanke ya ba ta. Ban iya yi masa faɗa ba. Kai na ajiye wa nawa.

Irin dokar Baba, in ji ka! Vernon, kanka ɗaya kuwa? Ka san abin da Caleb ya ce wa ƙanwarsa sa'ad da yake miƙa mata bindigar? Ka sani mana, tunda ka rubuta shi a wasanka. "Na duba, ba komai a ciki." Ita ta faɗa wa ɗan sanda haka, tana zaune a cinyata, rigarta duk jini. Rana ɗaya tak yaron nan ya karya dokar kakansa, ranar ce ta tafi da shi. Yanzu ka tsayar da 'yata cikin da'ira, ka sa mata wannan ƙarfen a hannu, ka ce sai ta maimaita kalmomin da bakinta kafin a ɗaga labule, kullum, kuma kana rubuto mini don hankalina ya kwanta.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne ka ba ni ƙyama a makon nan. Labarin wasanka ya iso gari. Shekaranjiya Gene Hostetler, shugaban ƙungiyar mafarauta, ya shigo shago da tumbinsa da murmushinsa, wai ya zo jajanta mini abin da ƙanena yake shirin yi wa sunan gidanmu. Ya ce kada in damu, ƙungiya ta tsaya mini. Za su ɗauki hayar bas su je ƙofar gidan wasanku, kowa da bindigarsa a ƙugu, su nuna muku ba a taɓa 'yancinsu. Kuma don girmama marigayi, bikin cin abincinsu na bana za a sayar da tikiti a zaro lamba, wanda ya ci ya tafi da sabuwar bindigar yara, an zana sunan Caleb a jikin ƙotarta. Yana so in zo in zaro lambar da hannuna. Ina riƙe da wuƙar fiɗa a lokacin. Na ajiye ta a hankali, na ce masa ya fita tun ina ganinsa da mutunci. Ya fita yana cewa baƙin ciki ne yake sa ni magana.

To ka gani. Gaba kura, baya siyaki. Shi yana so ya zana sunan ɗana a kan bindiga, kai kana so ka buga shi a kan tikiti. Ku je ku yi ta zagin juna a talabijin, duk kanwar ja ce. Ba wanda ya tambaya ko Caleb yana son miya a kan dankalinsa ko a gefe. A gefe yake so, in kana neman abin sakawa a wasa.

Ba na roƙo, amma yau zan yi. Ka cire Tessa. In kuma ba za ka iya ba, ka cire ta daga da'irar nan, ka bar Madam Okafor ɗin nan ta duba ƙarfenta ita kaɗai. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma kai ba ka ganin inda kake taka ƙafa.

Yayarka,
Lorna

*

Pittsburgh,
ƙarshen Oktoba.

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ina cin abinci, kada ki tambaya.

Kawu ya nuna mini wasiƙarki. Ki yi haƙuri da na zo gida a ɓoye. Na san in na ga fuskarki ba zan iya tambaya ba.

Ba Kawu ne ya sa ni ba. A Elkford kowa yana da kirki, kowa yana sauya hira in na shigo. A coci ana matsa mini hannu a wuce. Na gaji da kirkin nan, Mama. Ina so sau ɗaya in tsaya a gaban mutane abin ya fito fili, in ga ko ƙasa za ta tsage.

Kawu ya yi wa Madam Okafor maganar da'irar, ta ce doka ce, ba ta ɗauke wa kowa, musamman mai riƙe bindigar. Ina faɗa. Nakan ɗauke numfashi in faɗa da sauri. A gwaji, in an zo wurin da zan ɗaga ta in saita Milo, Kawu yakan ce mu tsallake sai ranar wasa, wai don abin ya fito da ɗanyen jini. Don haka ban taɓa yi ba tukuna. Ina jin zan iya.

Ki zo. Ba sai kin zauna a gaba ba.

'Yarki,
Tessa

*

Pittsburgh,
Litinin, washegarin buɗewa.

Yayata Lorna,

Ina gaishe ki da babbar murya, ina kuma gode miki da kika zo, ko da kin bar kujerun da na ajiye miki kin tsaya a baya kusa da ƙofa. Na bi ku har wurin ajiye motoci, Russell ya ja motar kamar bai gan ni ba. Yaya jikin Tessa?

Kin ga abin da ya faru, amma bari in faɗa miki yadda na gan shi daga gefen labule. Milo ya sauko da bindigar daga bayan ƙofa, ya faɗi maganarsa kamar yadda na rubuta, ya miƙa mata. A rubuce, dariya za ta yi ta ɗaga ta saita shi, fitilu su mutu, a ji ƙara. Sai ta tsaya. Ta kalle shi, ta ce, "A cike take." Yaron ya rikice, ya maimaita nasa layin. Ta sake cewa, "A cike take, Caleb. Ka ce ka sani." Ta durƙusa ta kwantar da bindigar a ƙasa, bakin yana kallon bango, tana ta faɗa, tana ta faɗa, har muryarta ta koma ta yarinya ƙarama. Sannan ke kika taho ta tsakiyar kujeru da rigar sanyinki, kika hau dandamali, kika ɗago ta kuka fita.

Yaya, shekara ashirin ina wannan sana'a ban taɓa ganin irin abin da ya biyo baya ba. Jama'a suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Tafi kamar rufin zai faɗo. Maza suna kuka. Har biyu daga cikin mutanen Gene, da suka bar bindigoginsu a bas suka shigo don su yi mana ihu, an gan su suna share ido. Kowa ya ɗauka haka aka tsara, har shigowarki. Wata 'yar jarida ta ce mini ba ta taɓa ganin ƙarshen wasa mai ƙarfin wannan ba.

Na kwana ina tunani, na gane cewa ƙarshen da na rubuta ƙarya ne, na Tessa shi ne gaskiya. Na riga na sake rubuta shi yadda ta yi, kalma da kalma. Muna da sauran makonni uku, kuma an fara maganar kai wasan babban birnin jiha, gaban masu yin doka. In ta huta kwana biyu, ki taimake ni ki lallashe ta ta dawo ranar Alhamis ta yi shi daidai yadda ta yi jiya. Wurin uwa kuma, in ba za ki iya zuwa kullum ba, na fahimta, akwai wata 'yar wasa mai irin tsayinki. Sai dai ki ara mana rigar sanyin.

Ki tuna yaran da wannan zai ceta.

Ƙanenki mai ƙaunarki har kullum,
Vernon

*

Elkford,
Nuwamba.

Vernon,

Na amsa gaisuwa.

Tessa tana ɗakinta na yarinta, fitila a kunne dare da rana. Jiya ta sha romo kaɗan. Tun daga Pittsburgh har gida magana ɗaya ta yi, muna hawa babban titi. Ta ce, "Mama, me suke yi wa tafi?" Kai da ka tsaya ka ji daɗinsa wataƙila kana da amsa, amma kada ka aiko mata.

Ba za ta zo Alhamis ba, ba za ta zo wata Alhamis ba. Rigar sanyina tana jikina.

Ka ce kana da rabo a bindigar Baba. Ka riƙe ta duka, na bar maka. Ni na ɗauko nawa rabon na sa a mota na kawo gida.

Tunda yau na miƙa maka ita, zan miƙa ta yadda aka koya mana. A cike take, Vernon. Ba sai ka amsa ba.

Ka huta lafiya.

Lorna